Ba Tik Ne Ya Yi Laifi Ba: Martani Ga Mai Kushe Katakon Nimbiya

Kwanakin baya wani aminina ya aiko mini da wata maƙala da wani malami marubuci ya buga a kan sana'ar kafinta, ya haɗo da 'yar wasiƙa yana neman in karanta in faɗi abin da na gani, domin ya san tun da na ajiye alli na bar aikin koyarwa ba ni da wata hira sai ta katako, ba ni kuma da wurin yini sai 'yar rumfar da na kafa a bayan gidana a nan Kafanchan. Na karanta ta sau biyu, na farko da sauri irin na mai ɗoki, na biyu a tsanake da alƙalami a hannu. Wajibi ne in fara da shaidar cewa mai ita mutum ne mai fasaha, Hausarsa garau, niyyarsa kuma kyakkyawa, gama tausayin ƙananan kafintoci da masu taɓa aikin katako a gida ne ya sa ya ɗauki alƙalami. Sai dai kyawun niyya bai taɓa mai da shubuha ta zama burhani ba, kuma malamin, duk da ɗimbin iliminsa, ya yi tuya ya manta da albasa.

Taƙaitaccen abin da ya tafi a kai shi ne, itacen nan da ake kira tik, wanda yake cike a gandun dajin Nimbiya da ke kan hanyar da ta bi ta Gidan Waya ta hau Jos, bai dace da hannun ƙaramin kafinta ba, balle na mai aiki a gida wanda ba shi da manyan injuna: wai ya cika nauyi, yana dakushe kayan aiki, maiƙonsa ba ya barin gam ya kama, yana tsagewa, ba ya karɓar folish, ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi. Ya ƙara da cewa baƙo ne, Turawa suka kawo shi don biyan bukatar kansu, saboda haka a bar shi ga turakun lantarki, a koma ga maɗobiya da maɗaci da kawo, itatuwan da iyaye da kakanni suka sani. Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ta hana ni yin shiru, domin sauran maganganun kuskure ne da zai iya jawo wa mutum hasarar tebur ɗaya, ita kuwa kuskure ne da zai iya jawo wa ƙasa hasarar daji.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa a inda ya yi gaskiya, don kada a ce son zuciya ya rufe mini ido. Tik yana cin ƙarfe, wannan babu jayayya, kuma dalilin sananne ne: a cikin jijiyoyinsa akwai wani ma'adini da masana ke kira silika, wato ainihin jauharin da aka yi yashi da shi, wanda a wani itacen yakan ɗara kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, har ya zamana mai kankarar tik kamar yana tura bakin ƙarfensa ne cikin rairayi mai laushi da ido ba ya gani. Makankarin da zai wuce hantsi yana aiki a kan malaina ba a wasa shi ba, a kan tik sai an komar da shi dutsen washi sau uku ko huɗu kafin azahar. Na yarda. Amma ban taɓa jin mahaucin da ya bar fawa don ƙashi yana dakushe wuƙa ba. Abin da yake yi shi ne ya rataya mawashi a ƙugu. Kafintan da ya ajiye dutsensa da ɗan ruwa kusa da hannun damansa, ya saba da wasa ƙarfe tun bai gama mutuwa ba, wannan illa ba za ta ci masa fiye da 'yan mintoci a yini ba, mai ƙaramin inji kuwa akwai faifan zarto mai haƙoran ƙarfe na musamman da ke jure wa irin wannan katako. Batun nauyi kuma, a nan ma'auni ne zai yi hukunci: busasshen tik yana kai kimanin kilo 650 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, maɗobiyar da malamin yake kira a koma gare ta kuwa ta fi haka nauyi nesa, balle ƙirya wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita. Wanda ya ɗaga falankin tik ya ji kamar dutse, to ruwa ya ɗaga, kuma zan dawo kan wannan ruwa, don shi ne bakin zaren mas'alar duka.

Malaman usulu sun koya mana cewa hukunci yana bin illarsa, in ta tabbata ya tabbata, in ta kau ya kau. Saboda haka kafin a yanke wa wani abu hukunci sai an tantance ko aibin da aka gani a zatinsa yake ko kuwa wani abu ne da ya bijiro masa daga waje. Malamin bai yi wannan tahƙiƙi ba. Ni ma a da ban yi ba, kuma na biya kuɗin makaranta.

A shekarar da na yi ritaya na ƙudura yi wa kaina teburin karatu, na je wurin 'yan katako a ƙarshen damina na zaɓi falankai uku na tik masu kyawun gani, na kawo gida ina murna. Na kankare gefunansu ran Asabar, sai wata hidimar biki ta taso na bar su jingine har Juma'a ta kewayo, sa'an nan na shafa farin gam na matse su, na yi ƙafafu, na goge da samfefa, na jera littattafaina a kai, duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Tebur ya yi wata uku lafiya lau. Da hunturu ya kankama, wani dare a cikin Janairu, muna kwance sai muka ji ƙas! daga falo kamar an karya kara a kan gwiwa, har uwargida ta tashi zaune tana salati. Da gari ya waye na tarar bakin haɗin ya buɗe tun daga wannan gefe har wancan, ƙaramin yatsana yana shiga, gam ɗin kuma yana ɓamɓaruwa kamar ɓawon albasa, bai ɗauko ko tsinke ɗaya daga jikin katakon ba. Da a ranar aka ba ni alƙalami, da maƙalar da zan rubuta ta fi ta malamin zafi.

Allah ya taimake ni ban rubuta ba, sai na ɗauki ɓallen falankin na tafi wurin wani dattijo mutumin Kagoro, tsohon kafinta wanda ya yi ƙuruciyarsa a aikin jirgin ƙasa, ya tsufa yana yi wa coci-coci da makarantu benci. Bayan mun gaisa na miƙa masa, bai ko dubi tsagin ba, sai ya ɗora katakon a kumatunsa ya yi shiru, sa'an nan ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa yana saurare.

Ya ce, "Malam, har yanzu da sanyi a cikinsa. Ɗanye ka saya. To yaushe ka kankare, yaushe ka sa gam?"

Na ce, "Baba, kwana shida ne tsakani."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ai ka ba shi lokaci ya yi gumi. Zauna ka gani."

Ya jawo guntaye biyu na busasshen tik daga ƙarƙashin bencinsa, ya bi gefen kowanne da makankari sau uku, wani ƙamshi ya tashi kamar na tsohuwar jakar fata, sabon wurin ya fito da launin rawaya-rawaya mai ratsin kore, wanda sai ya sha rana yake rikiɗa ya zama ruwan zuma. Ya yagi farin tsumma, ya jiƙa shi da sinadarin nan da ake tsinka fenti da shi, ya goge wurin da ya kankare, ya nuna mini tsumman: ya rine kamar an tsoma shi a shayi. Ya juya wuri mai tsabta ya sake gogewa har tsumman ya daina ɗaukar launi. Ya dakata gwargwadon abin da mutum zai sha ruwa ya ajiye moɗa, don sinadarin ya bushe, nan take ya shafa irin farin gam ɗin nan nawa, ba wani na daban ba, ya matse, ya ce in dawo jibi. Da na dawo ya danƙa mini guduma ya ce in raba su. Na buga sau biyu ba su motsa ba, a na uku katakon ya dare, amma a gefen haɗin ya dare, layin gam yana nan daram da tsokar itace manne a kowane ɓangare nasa.

Hikimar abin ba ta da wuyar fahimta. Maiƙon da ke cikin tik yana tsattsafowa sannu a hankali ya rufe duk inda aka kankare, gam mai ruwa kuwa ba ya shiga inda mai ya riga shi. In aka kankare, aka goge, aka shafa a zama ɗaya, gam ya riga mai shiga, shi ke nan. Abin da zai zauna a waje yana shan ruwan sama akwai masa gam mai kwalba biyu da ake gaurayawa. Dattijon ya ƙara mini da cewa shi a zamaninsu ba a dogara ga gam a ƙofa ko taga, rami ake sassaƙawa da kurfi a zura harshen ɗayan katakon a ciki, a huda a buga turken itace ya ratsa su duka, gam ɗan rakiya ne kawai. Abin da kuma ya kamata malamin ya tsaya ya yi tunani a kai shi ne, wannan maiƙo da sinadaran da ke tare da shi a zuciyar itacen su ne ke korar gara da zago, su ne ke hana ruwa ruɓar da shi, su ne kuma ke sa ƙusa ta daɗe a cikinsa ba ta yi tsatsa ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da gara ke yi wa ƙyauren malaina a damina biyu. Mai neman tik marar maiƙo, ba tare da ya sani ba, yana neman tik ɗin da gara za ta ci ne.

Sai batun ruwa, wanda a ganina shi ne uwar illolin da malamin ya lissafa. Mu nan gindin duwatsun Kagoro Allah ya ba mu damina mai tsawo, ruwa yakan fara tun Afrilu bai ɗauke ba sai Oktoba, iska ta yi nauyi har gishiri ya narke a kwano. Sa'an nan hunturu ya sauko daga arewa ya busar da komai har leɓe ya tsage. Katako kuwa kamar soso yake, yana sha yana kumbura, yana saki yana tsukewa, kuma ƙofar da aka yi daidai a Agusta takan bar kafa a Janairu, wadda aka yi daidai a Janairu takan ƙi rufuwa a Agusta. Abin mamaki shi ne, a cikin manyan katakai tik yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin wannan motsi, gama daga ɗanye shakaf zuwa busasshe ƙayau abin da yake tsukewa ta faɗi bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 ba, in ya bushe kuwa da ƙyar yake sake motsi. Don haka ne ma maƙeran jiragen ruwa suka fifita shi shekaru aru-aru. Ashe kenan itacen da malamin ya zarga da tsagewa shi ne mafi dacewa da ƙasa mai fuska biyu irin tamu, da sharaɗin a bar shi ya bushe.

A ƙasar Bama, inda tsofaffin sojojinmu suka yi yaƙi a 1944 da 1945, kuma inda mafi shaharar tik na duniya yake fitowa, al'adar masu daji a da ita ce su zagaye gindin bishiya da sara har su ratsa ɓawo da farin gefe, su bar ta a tsaye ta mutu tana bushewa kimanin shekara uku, kana su kayar, giwaye su ja gungumen zuwa rafi, ruwa ya ɗauke shi zuwa Rangun. Ɗanyen gungume nutsewa yake yi, shi ya sa ba su da zaɓi sai haƙuri. Bishiyoyin da suke sara kuwa da yawansu sun haura shekara ɗari. Mu fa? A kayar da 'yar bishiyar da ba ta cika shekara ashirin ba ran Litinin, a tsaga ta da inji a cikin daji, ran Laraba tana kasuwa, ran Juma'a ta zama ƙofar ɗakin amarya. Irin wannan bishiya zuciyarta ƙarama ce, mafi yawan jikinta farin gefe ne wanda ba shi da maiƙo ba shi da kariya, gara tana cin sa kamar tuwo. Kuma saboda sirantakarta kusan kowane falanki yana ɗauke da ɓargon tsakiya, wanda daga nan tsagewa ke farawa. Mai gida ya ga ƙofarsa ta karkace, gara ta cinye gefenta, ya ce tik ƙarya ne. Malamin ya ji kukan mai gida ya rubuta, bai tambayi shekarun bishiyar ba, bai tambayi kwana nawa ta yi tsakanin gatari da guduma ba. Wannan kamar a ɗebo ɗanyar dawa daga gona a zuba a rumbu ne, in ta ruɓe a ce dawa ba abincin ajiya ba ce.

A nan ne ma mai aiki a gida ya fi kafintan kasuwa gata, akasin abin da malamin ya zata. Kafintan kasuwa mai kaya yana tsaye a kansa, biki saura mako biyu, kuɗin da zai sayi katako ya jibge shekara guda babu. Ina tausaya masa, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Amma ni da ire-irena wa ke korar mu? Abin da nake yi yanzu, in na je kasuwa ina zaɓen falanki mai duhun launi wanda in na murza yatsa a kai na ji santsi kamar na kakin zuma, in kauce wa mai faɗin fari da mai ɓargo. In na kawo gida sai in jera su a inuwa a kan duwatsu, taku guda daga ƙasa, da 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falanki da ɗan'uwansa don iska ta ratsa, in shafe kawunansu da ragowar fenti don kada baki ya riga ciki bushewa ya tsage, in ɗora nauyi a sama. Na'urar auna laima ba ni da ita, sikelin wani maƙwabcina mai sayen citta nake ara: kowace Juma'a in ɗora falanki ɗaya da na yi wa alama, in rubuta nauyinsa da alli a jikin bango. Muddin lambar tana sauka, ruwa na fita. Ran da ta tsaya wuri ɗaya mako uku a jere, sai in shigar da su cikin ɗaki su yi wasu makonni su saba da iskar inda za su zauna. Falanki mai kaurin inci ɗaya, in ya ga hunturu guda cikakke, yawanci ya isa. Mai kauri sai ya ga biyu.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ba sa bukatar dogon bayani. Ƙusa tana tsaga tik in an buga ta kai tsaye kusa da baki, sai a fara hudawa. Folish yana ƙin bushewa a kansa saboda dalilin da ya hana gam kamawa, maganin kuma ɗaya ne, tsumma da sinadari. Ni ma dai na fi son in goge shi sumul in bar shi da man da Allah ya ba shi, in a waje yake ya yi furfura kamar toka, ƙarfinsa na nan. Ƙura ce kaɗai ba zan yi wasa da ita ba. Gaskiya ne tana sa wasu ƙaiƙayi da atishawa, wani ɗan ƙanena da ke taya ni aiki sai da hannuwansa suka yi ƙuraje har gwiwar hannu, na hana shi taɓa tik ɗungum, domin lalura tana da nata hukunci. Mai gogewa ya sa takunkumi da riga mai dogon hannu, ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, ya wanke jiki da ya gama, kada kuma ya bar yara su yi wasa a dusar. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ƙurar loko, wanda ɗan ƙasa ne ba baƙo ba, ita ma ta shahara da wannan cuta.

Wannan ya kawo ni ga maganar baƙunta, wadda na yi mamakin jin ta daga bakin mai ilimi. Ƙwarai tik baƙo ne. Asalinsa Indiya da Bama da Tailan da Lawos, an fara dasa shi a Nijeriya a 1902, gandun Nimbiya kuwa an kafa shi a 1957, yana da faɗin fiye da hekta 2,000, mafi yawansa tik da malaina. To amma in baƙunta aibi ce, sai mu tumɓuke mangwaron da ke ƙofar gidajenmu da darbejiyar da muke sha wa inuwa, mu bar rogo da masara da gyaɗa waɗanda daga Amurka suka ƙetaro, sa'an nan mu je Kachiya da Kwoi da Kagarko mu gaya wa manoma su daina citta, tun da ita ma daga Asiya ta zo, ko da yake ita ke aurar da 'ya'yansu ta biya musu kuɗin makaranta. Kafanchan ɗin ma da nake rubutu daga cikinta, ai haɗuwar layukan dogo a 1927 ce ta tara mata jama'a daga kowace kusurwa har ta zama abin da ta zama. Kuma da malamin ya waiwayi littattafan da na tabbata ya fi ni sani, da ya tarar wannan itace ba baƙo ba ne a tarihin Musulunci. Shi ne Larabawa ke kira saj, suna ɗauko shi daga gaɓar Malabar ta Indiya suna ƙera jiragen ruwansu da shi. Kuma ya zo a Sahihul Buhari cewa masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda a farko ginshiƙansa kututturan dabino ne rufinsa kuma ganyen dabino, da Halifa Usmanu ɗan Affan ya faɗaɗa shi ya gina bangonsa da ginshiƙansa da sassaƙaƙƙen dutse, sai ya yi rufinsa da saj. Itacen da aka ɗauko ta teku aka rufa masallacin Madina da shi tun ƙarnin farko na Hijira, ban ga yadda za a ce bai isa ya zama ƙofar ɗakina ba don kawai wani Bature ne ya fara kawo irinsa nan.

Yanzu ga inda na ce shiru bai halatta ba. Ba na musun darajar maɗobiya. Na taɓa aiki da guntunta, ta fi tik kyawun zane, tana da ƙamshi mai daɗi, in an sare ta tana zubar da wani jan ruwa kamar jini, kuma duk wanda ya bi daji a tsakiyar rani ya gan ta ta zubar da ganye ta lulluɓe da fure rawaya ba zai manta ba. Fulani suna sassabe rassanta su ba shanu a lokacin da ciyawa ta ƙare. Amma wa ya shuka ta? Ba kowa. Tsirowa take yi da ikon Allah, ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta kai a yi falanki da ita. Malamin yana magana kamar har yanzu tana nan tsaye tana jiran gatarinmu yadda kakanni suka bar ta, alhali a 'yan shekarun baya fatake masu kai wa ƙasar Sin, inda ake yin kujerun alfarma da irin wannan jan katako, sun bi dazuzzukan Taraba da Kogi da wasu jihohi da injuna da manyan motoci, har 'yan daji suka laƙaba mata suna Madrid, suka yi mata irin cin da fara ke yi wa gero. Abin ya kai ga a taron ƙasashen duniya na yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannasbag a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, hukuncin ya fara aiki a Janairun 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Maɗaci kuwa masu magani sun ɗaye masa ɓawo har da yawansu sun mutu a tsaye, ƙirya ta tafi buhun gawayi, kawo sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga babba. Malamai sun ce kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. To wace maslaha ce a cikin a ce wa dubban kafintoci su juya wa itacen da aka shuka da hannu baya, su fuskanci 'yan ragowar da ba wanda ya shuka, ba kuma wanda zai mayar?

Tik kuwa ana shuka shi, yana saurin girma, in an sare shi kututturen yana sake toho. Ba na cewa ba shi da nasa aibi a gona ko a daji, gama faffaɗan ganyensa yana hana abin da ke ƙarƙashinsa tsirowa, in ya zube a rani ya zama abincin gobara, a kan gangare kuma ƙasar da ya bari tsirara ruwa yana zaizaye ta. Ba zan so a share kurmin Nindam ko na gindin Kagoro a maye shi da layukan tik ba, kuma manomin da ya tambaye ni nakan ce ya dasa a iyakar gona, kada ya kai tsakiya. Da malamin ya kai kukansa kan masu kayar da bishiya tun ba ta nuna ba, da masu sayar da ɗanyen katako da sunan busasshe, da masu sara ba su dasa ba, da ni ne farkon mai sa hannu a ƙarƙashin maƙalarsa.

Teburin nan da ya tsage ban jefar da shi ba. Na raba falankan, na jingine su hunturu biyu, na sake kankarewa na haɗa yadda dattijon ya nuna mini, a kansa kuma nake rubuta wannan martani; Allah ya yi wa dattijon rasuwa, amma guntayen da ya sa ni na buga suna nan a kan taga. In malamin ya sami sukunin zuwa Kafanchan, ina roƙonsa ya zo a cikin Janairu, lokacin da kowane katako ke faɗin gaskiyarsa. Zan haɗa guntaye biyu a gabansa, ya kwana biyu a wurina mu sha kunun citta, a rana ta uku in miƙa masa su. Gudumar kuwa ya zo da tasa, don kada ya ce tawa ta san ni.